Daga Bakin Jirgi Zuwa Ƙofar Otal a Venis: Inda Mota Take Tsayawa

Takardar jirgin yawon shaƙatawar da muka biyo ta tekun Adriyatik ta ce tafiya za ta ƙare a Venis, amma can gefe, da ƙananan baƙaƙe, an ƙara sunan Ravenna. A Ravenna ɗin kuwa aka sauke mu, a gaɓar Porto Corsini, wajen kilomita 145 kudu da Venis, kusan nisan Kano da Zariya. Duk wanda zai ɗauki shatar mota daga jirgi zuwa wannan birni na hanyoyin ruwa, daga ƙaramin rubutun nan ya kamata ya fara. In ka ce wa direba ya same ka a "tashar Venis" ba ka faɗa masa komai ba, domin manyan jirage ba su da tasha guda a yanzu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru manyan jirage suna ratsa gaban dandalin San Marco, su bi mashigin Giudecca, su ɗaure a tashar Marittima da ke gefen birni, mutanen gari kuma suna ta kukan igiyar ruwa tana cin gindin gidajensu. A watan Yunin 2019 wani ƙaton jirgi ya ƙwace ya daki gaɓa a San Basilio, ya haɗa da wani ƙaramin jirgin kogi da ke ɗaure a wurin. Hukumar UNESCO ita ma ta matsa lamba. Daga 1 ga Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana duk jirgin da girmansa ya haura tan 25,000, ko tsawonsa ya wuce mita 180, bin wannan hanya. Sai jiragen suka watsu.

Wasu suna ɗaurewa a Marghera, tashar kayan masana'antu da ke kan tudu daura da birni. Nan fasinja ba ya fita da ƙafa, motar hayarka ma ba ta isa gindin jirgi. Galibi kamfanin jirgin ne yake kwaso mutane ya kawo su tsohuwar tashar Marittima, can ake karɓar akwatuna. Ke nan wanda jirginsa ya tsaya Marghera, a Marittima zai yi alkawari da mai ɗaukarsa. Wasu suna Fusina, ita ma a kan tudu, tafiyar kamar minti 20 zuwa 25 a mota. Ƙanana sukan je Chioggia, wajen kilomita 50 ta kudu. Manya da yawa kuwa sun koma Ravenna ko Trieste, ita Trieste tana arewa maso gabas kusa da iyakar Sloveniya, wajen kilomita 160. Jirgi ɗaya ma yana iya canza matsaya daga mako zuwa mako. Tambayar da nake ganin ta fi amfani a yi wa kamfanin jirgi ita ce: "A ina za a miƙa mini akwatina?" Amsar wannan tambaya ita za ka tura wa direba.

Abu na biyu, wanda masu talla ba sa son bayyanawa sosai, shi ne babu motar da take kai mutum otal a cikin tsohon birnin Venis. Titi ɗaya ne tak ya shiga, gadar Ponte della Libertà mai tsawon kusan kilomita 4 da aka buɗe a 1933, kuma yana ƙarewa a Piazzale Roma, sai reshensa da ya karkata zuwa tsibirin ajiye motoci na Tronchetto. Daga nan ko ruwa ko ƙafa. Tsibirai 118 ne aka ɗinke da gadoji sama da 400, kusan kowace gada da matakala hawa da sauka. Saboda haka abin da ake sayar maka da sunan ɗauka daga jirgi zuwa otal tafiya biyu ce, mota da jirgin ruwa, sau da yawa ma na kamfani biyu daban. Kuɗin da kake biya, a ganina, rabinsa na mahaɗar nan ce: wa zai karɓe ka daga hannun direba, a wane dandamali, kuma wa zai kira wa in ɗaya ya makara. In tallar ta ce "zuwa Venis" kawai, farashin kuma ya yi araha da ban mamaki, to Piazzale Roma ake nufi, za a ajiye ka da kayanka a bakin titi a yi maka sallama.

Motocin da ake shata a Italiya iri biyu ne. Akwai tasi fara mai mita, wadda ake tara a layi. Akwai kuma motar haya da direba, wadda suke kira NCC, ita ba ta da mita, ba ta ɗaukar fasinja a titi, sai wanda ya yi oda tun kafin lokaci a kan farashin da aka yanke. Za ka gane ta da ɗan ƙaramin allo a baya kusa da lamba, mai haruffan NCC da tambarin ƙaramar hukumar da ta ba da lasisi. Doguwar tafiya irin ta Ravenna ko Trieste aikin NCC ne. Yawancin shafukan intanet da suke fitowa a sama in ka yi bincike dillalai ne, ba su da ko taya ɗaya. Su karɓi kuɗinka, su cire kamashonsu, su miƙa aikin ga mai mota na yankin. Ba laifi ba ne, wasunsu ma suna da tsarin mayar da kuɗi mai kyau. Amma kafin na ba da kafin alƙalami na nemi a rubuto mini sunan kamfanin da zai zo da motar, da lambar da ake ɗagawa da sassafe ranar Asabar ko Lahadi, ba lambar ofishin da ke wata ƙasa ba. Lambar direban kansa yawanci sai daren jajibiri take zuwa ta WhatsApp.

A saƙon oda na sa sunan jirgi, ranar, matsayar da sunanta, lokacin da jirgi zai ɗaure, yawan mutane, yawan akwatuna manya da ƙanana, da cikakken adireshin otal. Sunan jirgin ya fi komai muhimmanci, domin direbobin yankin suna bin jadawalin tasha, sukan ma riga fasinja sanin an samu jinkiri. Na kuma nemi amsa a rubuce kan abubuwan da rigima take fitowa daga cikinsu: ko farashin ya haɗa da kuɗin hanya da haraji, minti nawa direba zai jira kyauta kuma nawa ne kowace sa'a bayan haka, da abin da zai faru in iska ko hazo ya sa kyaftin ya kai jirgi wata tasha. Wannan na ƙarshe ba tatsuniya ba ce. Trieste tana da iskar bora mai ƙarfi, Venis kuma hazo yakan rufe mashigarta. Kamfanin kirki zai ce zai bi ka sabuwar tashar ka biya bambancin nisa, ko ya mayar maka da kuɗi. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan tambaya, na bar shi. Farashin da aka yi ta ba ni daga Ravenna zuwa Piazzale Roma ya kama daga Yuro 350 zuwa wajen 500, gwargwadon girman mota, ban da jirgin ruwa.

Lissafin kaya shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa rami. Ƙaramar mota irin Mercedes E-Class tana ɗaukar mutum uku, amma but ɗinta manyan akwatuna biyu ne da ƙanana biyu, in an matsa uku. Ƙaramar bas irin V-Class ko Vito tana da kujeru bakwai ko takwas, sai dai in an cika kujerun, wurin kaya ba ya wuce manyan akwatuna shida zuwa takwas. Iyali mai mutum shida da suka yi mako a jirgi, kowa da babban akwati da jakar hannu, ga tsarabar da aka tara a kowace tasha, ga keken jariri, sun riga sun cika bas ɗin har wuya. Direban Italiya ba zai ɗaure kaya a rufin mota ba, ba zai yarda a ɗora akwati a cinya ba, saboda tara da inshora a kansa suke. Zai kira mota ta biyu ne, in akwai, a farashin ranar. Ka ƙirga kayan da za ka sauka da su, ba waɗanda ka hau da su ba. In da yara ƙanana, a faɗi shekarunsu tun a oda don a zo da kujerarsu.

Safiyar sauka tana da nata tsari. Jirgi yakan ɗaure wajen ƙarfe 6 ko 7, amma ba a buɗe ƙofa sai hukumomin tasha sun sallame shi. Daren jajibiri ake ajiye manyan akwatuna a bakin ɗaki da takarda mai launi ko lamba, washegari a riƙa kiran mutane rukuni rukuni. Masu jan kayansu da kansu su ake fara saki. Don haka sa direba ya zo daidai lokacin da jirgi zai ɗaure asarar kuɗi ce. Lokacin jiransa na kyauta zai ƙare kana kan layin lif. Sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu bayan ɗaurewa ya fi dacewa, sannan ka je teburin baƙi na jirgi kwana biyu kafin sauka ka nemi rukunin da ya yi daidai da wannan lokaci. A Porto Corsini, da ka fito daga wurin kaya, za ka tarar da direbobi sun jeru bayan shinge, kowa da allo ko kwamfutar hannu mai suna. Sunayenmu sukan sha wahala a allunan nan, Abdullahi ya koma wani abu dabam, don haka ka duba sunan mahaifi da na farko duka. Intanet ɗin jirgi yana yankewa da ka taka ƙasa. Wanda bai tanadi layin da ke aiki a Turai ba, a daidai wannan wuri zai gane kurensa, ga direba yana kira, ga waya shiru. Garin Ravenna kansa yana da nisan kusan kilomita 15 daga gaɓar, tasi kuma ba su da yawa in jirgi mai dubban mutane ya juye su a lokaci guda. Wanda ya ce sai ya sauka zai nema, zai daɗe a rana.

Hanyar da direbobi suka fi bi ita ce SS309, wadda ake kira Romea. A taswira ta miƙe sambal ta bin gaɓa, sai mutum ya ɗauka tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce. Ba haka ba ne. Layi ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa, cike da tireloli masu zirga-zirga tsakanin tashoshin Ravenna da Marghera, ga kyamarorin kama gudu, ga shataletale. Sa'a biyu da rabi ita ce gaskiyar magana, ranar cunkoso uku. Kallo dai akwai. Ana wuce fadamun Comacchio inda ake kamun gwando da sauran kifi, wani lokaci a hango tsuntsayen filamingo a ruwa, sai doguwar hasumiyar tsohuwar majami'ar Pomposa a gefen titi, sannan a tsallake rassan kogin Po, a wuce Chioggia, a bi gefen tafkin da Venis take ciki har Marghera. Akwai wata hanyar ta Ferrara da Padova a kan babban titi mai kuɗi. Ta fi tsawo, amma in an yi hatsari a Romea ita ce mafita, shi ya sa nake son a yanke maganar kuɗin hanya tun farko. Wanda saukarsa ta faɗo ranar Juma'a, ko yake son ya yi salla a natse, akwai babban masallaci a unguwar masana'antu ta Bassette a arewacin Ravenna, an buɗe shi a 2013, kuma bai yi nisa da bakin Romea ba. Sai dai duk tsayawar da ta wuce ta shiga bayi, a sa ta cikin oda, domin jirgin ruwan da ke jiranka a can yana da nasa agogo.

Da muka hau gadar Libertà direban ya kira matuƙin jirgin, ya faɗa masa saura minti biyar. Wannan kiran shi ne alamar an haɗa aikin da kyau. Piazzale Roma fili ne mai hayaniya: bas-bas na gari, taragon lantarki, masu jan akwati ta ko'ina, mota kuma ba ta da izinin daɗewa. Dandamalan tasi na ruwa suna gefen filin, tafiyar 'yan mitoci da 'yan matakala. Direbanmu ya sauke kaya, ya ja biyu da kansa har bakin ruwa, ya tsaya sai da ya ga lambar jirgin ta yi daidai da wadda ke wayarsa. Ba kowane direba yake yin haka ba, kuma ba wajibinsa ba ne sai an rubuta. Kamfanoni da dama sun fi son yin wannan musaya a Tronchetto, inda mota take matsowa kusa da ruwa ba tare da an kore ta ba. Ga mai kaya da yawa ko mai tsoho, Tronchetto ta fi sauƙi ko da tafiyar ruwan ta ɗan ƙaru. Wanda aka sauke a Marittima kuwa ba ya bukatar mota sam. Akwai tasi na ruwa a nan tashar, akwai kuma ɗan jirgin ƙasa mai bin gadar sama mara direba da ake kira People Mover, tun 2010 yake aiki, tsayawa ɗaya ce zuwa Piazzale Roma a kan Yuro 1.50. Biyan shatar mota a wannan ɗan taƙi ɓarnar kuɗi ce.

Tasi na ruwa jirgi ne siriri na katako mai sheƙi ko farin roba, da ɗaki mai kujerun fata a tsakiya da buɗaɗɗen wuri a baya. Mai lasisi yana da ratsin rawaya da lamba a jikin gilashinsa. A Tronchetto musamman akan samu masu tare baƙi suna tayin jirgi; in ba ka ga ratsin nan ba, ka wuce abinka. Jirgin yana iya ɗaukar har mutum goma, amma farashin da ake faɗa yawanci na mutum huɗu ne da akwati ɗaya ɗaya, ana ƙari a kan kowane mutum da kowane akwati bayan haka, da kuma tafiyar dare. Daga Piazzale Roma zuwa yankin San Marco abin da na ji ana karɓa ya kama daga Yuro 70 zuwa 100. A yanke kuɗi kafin akwati na farko ya shiga. Matuƙi yakan yanke ta Rio Novo ya ɓullo Canal Grande, babbar hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar birni, a kwanar Ca' Foscari, minti 15 zuwa 20 an isa. Wanda yake son a bi babbar hanyar ruwan tun daga farko, a wuce ƙarƙashin gadar Rialto, sai ya faɗa ya kuma biya ƙari. A ganina wannan ƙarin ya fi kuɗin gondola, kwalekwalen gargajiya da ake yawo da baƙi a ciki, daraja, tunda dama kana cikin jirgi.

Shiga jirgin ba wasa ba ne ga mai rauni. Babu tsani, babu gangara. Dandamali yana tsaye, jirgi yana rawa, tsakaninsu akwai rata, kuma in ruwa ya janye sai ka taka ƙasa sosai kafin ƙafarka ta samu gefen jirgin. Matuƙi yakan riƙe turke da hannu ɗaya ya miƙo ɗayan. Gwaggona da ke cikin tafiyar ta tsaya tana duban hannun baƙon namiji, tana duban ruwa. Na ce, "Gwaggo, dakata in fara shiga, ni zan karɓe ki. Ki tattare mayafin, ki sa ƙafar dama a kan baƙar robar nan." Haka ya kamata a tsara tun kafin a iso: namiji na gida ya fara shiga, tsofaffi su biyo, kaya daga ƙarshe. Ƙofar ɗakin gajeriya ce, sai an sunkuya. Mai keken guragu ya nemi jirgi mai na'urar ɗagawa tun da wuri, don ƙalilan ne a garin.

Sai maganar inda za a sauke ka. Adireshin Venis ba ya tafiya da sunan titi. Birnin unguwa shida ne, San Marco, Castello, Cannaregio, Dorsoduro, San Polo da Santa Croce, kowace unguwa kuma lambobin gidajenta suna bin juna har dubbai, a Castello ma sun haura 6,000. Adireshi kamar Castello da lamba mai alƙaluma huɗu ba ya gaya wa baƙo komai, matuƙi ma wani lokaci sai ya tambaya. Abin da za ka nema daga otal shi ne ko suna da ƙofar ruwa tasu. In suna da ita, jirgi zai manna da matakalarsu, ma'aikaci ya karɓi kaya, shi ke nan. In babu, su faɗa maka sunan matsaya mafi kusa da adadin gadojin da ke tsakaninta da ƙofarsu. Kada ka yarda da "minti biyar ne a ƙafa". Minti biyar mai gada uku, da akwati mai kilo 23 a kowane hannu, aiki ne na gumi. Akwai 'yan dako masu lasisi da amalanke mai ƙananan tayoyi a gaba wadda suke hawa matakala da ita, ana samunsu a Piazzale Roma da tashar jirgin ƙasa, otal ma yana iya kira maka. Kuɗinsu a kan kowane akwati ne, kuma ba araha. Jita-jitar da ta yaɗu tun 2014 cewa an hana akwati mai taya a Venis ba gaskiya ba ce, hukumar birnin ta musanta. Gadar gilashi ta Costituzione, wadda ta haɗa Piazzale Roma da tashar Santa Lucia tun 2008, ita dai a taka ta a hankali in an yi ruwa.

Ko da ƙofar ruwa, teku ce mai magana ta ƙarshe. Tsakanin Oktoba da Disamba ruwa yakan cika ya tumbatsa, abin da suke kira acqua alta. A daren 12 ga Nuwamban 2019 ya kai santimita 187. Tun Oktoban 2020 shingen MOSE yana tare manyan ambaliya, amma matsakaiciyar cika tana nan, kuma ita ce take damun tasi: ruwa ya ɗaga jirgi, gadojin lunguna su yi masa ƙasa. Na ga matuƙinmu ya rage gudu gaban wata gada, ya durƙusa har haɓarsa ta kusa taɓa sitiyari, rufin ɗakin ya wuce da ratar da ba ta fi tafin hannu ba. Da ruwan ya ƙara kaɗan, da sai dai ya sauke mu a babbar hanya mu ƙarasa da ƙafa, kuɗin kuma ba zai ragu ba. A Janairu da Fabrairu akasin haka ake gani, ruwa ya janye har wasu lunguna su zama taɓo. Ofishin hasashen ruwa na birnin yana fitar da jadawali kullum, otal ma zai gaya maka. Ranakun biki su ma suna rufe hanya: tseren jirage na Regata Storica a Lahadin farko ta Satumba yana tsayar da zirga-zirga a Canal Grande na sa'o'i, haka bikin Redentore a ƙarshen mako na uku na Yuli yake cika gaban San Marco. Ranar da ma'aikatan sufuri suka shiga yajin aiki kuwa, kowa tasi yake nema, wanda bai yi oda ba sai ya yi ta jira.

Ba kullum shata take da riba ba. Daga Trieste jirgi yakan ɗaure a tsakiyar gari, daf da dandalin Unità d'Italia, tashar jirgin ƙasa kuma tafiyar kamar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa. Jirgin ƙasa na yanki yana kai mutum Venezia Santa Lucia cikin sa'a biyu da 'yan mintuna a kan kuɗin da bai kai Yuro 20 ba, ka fito ƙofa ka ga Canal Grande a gabanka. A kula kawai kada a hau wanda yake zagayawa ta Udine, shi yana cin kusan sa'a uku, kuma kada a sauka a Mestre, tashar da ke kan tudu kafin a tsallaka gada, da zaton an iso. Mota a titin A4 ba ta fi shi sauri ba, ranakun Asabar na Yuli da Agusta ma ta fi shi jinkiri saboda masu tafiya hutu. Mutum biyu masu akwati ɗaya ɗaya, jirgin ƙasa zan ce su hau. Daga Ravenna kuwa lissafin ya juya: sai ka nemi abin hawa zuwa gari, ka canza jirgi a Ferrara ko Bologna, ka yi ta hawa da sauka da kaya, mutum huɗu zuwa sama shata ta fi. A cikin birni kuma akwai vaporetto, bas ɗin ruwa ta jama'a: tikitin minti 75 Yuro 9.50, na yini guda Yuro 25, da izinin akwati ɗaya. Layi na 1 yana tsayawa ko'ina, yakan ci wajen minti 45 zuwa San Marco. Mutum shida a vaporetto sun biya Yuro 57, ga tsayuwa ga turereniya, ke nan tazarar da ke tsakaninsu da tasi ba ta da yawa.

Akwai takardun da direba ba zai tambaye ka ba amma suna iya ɓata tafiyar. Tun 25 ga Afrilun 2024 Venis take karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa yini a wasu zaɓaɓɓun ranaku na bazara, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. An fara da Yuro 5, a 2025 aka mayar da shi Yuro 10 ga wanda bai biya da wuri ba. Mai kwana a otal ba ya biya, amma ana so ya riƙe shaidar keɓewa a wayarsa. A tambayi otal tun kafin a zo. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuma ya duba bizarsa ta Shengen, yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, da kyau. Kuroshiya ta shiga yankin tun 1 ga Janairun 2023, amma jirgin da ya tsaya Kotor a Montenegro, ko wata tashar Turkiyya ko Albaniya, ya fita daga yankin, dawowa Italiya shiga ta biyu ce. Biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, kuma tun a wurin hawa za a tsayar da mutum. Layin duba fasfo a irin wannan sauka yana iya ƙara rabin sa'a ko fiye, a sa shi cikin lokacin da aka ba direba. Kuɗi kuma, a riƙe Yuro a hannu na tasi da 'yan dako, don katin banki na gida yakan ƙi aiki a inda ba a zata ba.

Wanda zai yi tafiyar a juye, daga otal zuwa jirgi, daga baya zai fara lissafi. Ana rufe karɓar fasinja kamar sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi. Jirgin da zai bar Ravenna ƙarfe 5 na yamma, ka ɗauka ƙarfe 3 ƙofa ta rufe. Cire sa'a uku na Romea, cire rabin sa'a na tasi da musayar kaya, cire sa'a ɗaya ta ko-ta-kwana: ƙarfe 10:30 na safe ya kamata tasi ya kasance a ƙofar otal. Jirgi ba ya jiran wanda ya yi shatar kansa, masu motar kamfaninsa kawai yake jira, shi ya sa zuwa Venis yini ɗaya daga Ravenna ko Trieste a motar haya nake ganin kasada ce mai tsada: sa'a huɗu zuwa shida a hanya, abin da ya rage na yawo kaɗan ne. Mai son kama jirgin sama ranar da ya sauka daga Ravenna kada ya sayi tikitin da zai tashi daga filin Marco Polo kafin ƙarfe 2 na rana. Filin yana kan tudu a Tessera, mota tana kaiwa har ƙofa, babu bukatar jirgin ruwa. In kuma ba a riga an sayi tikitin ba, a duba filin jirgin saman Bologna, wanda yake da nisan sa'a ɗaya da 'yan mintuna daga Porto Corsini a kan babban titi, kuɗin shatarsa ma bai kai na Venis ba.